Direban da Ya Ɗaure Fis da Jan Ƙarfe

Tanimu, tun da ka ce ka gaji da mai ce maka kar ka yi, har ka daina amsa sallamarsa, matso in ba ka misali. Wani direba ne mai ƙaramar mota guda ɗaya tak, da ita yake jigilar 'yan kasuwa, da ita yake ci da iyalinsa. Ƙanensa da ke Ikko aka yi wa haihuwa, ya turo masa bidiyon suna, shi kuma ya yi wa tsohuwarsu da ke ƙauye alkawarin zai kai mata ta ga jikanta da idonta. Ya ari tabilet, babbar wayar nan mai faffaɗan gilashi, don idon tsohuwa ba ya ganin ƙananan abubuwa, ya tura bidiyon a ciki. Ranar kasuwar ƙauyen ya ɗebi fasinja, sai da aka kama hanya ya duba ya ga tabilet ta mutu, ba caji ko ɗigo, ƙauyen kuwa ba su san wutar lantarki ba. Ya buɗe aljihun mota ya zazzago tarkace. Kan caja ɗaya yana shiga ramin kunna sigari amma yana lilo, sai ya tokare shi da tsinken ashana. Wayar cajin da ta dace da kan ba ta dace da bakin tabilet ba, wadda ta dace da bakin kuma ta tsinke a tsakiya. Mutumin naka ya fere su da haƙori, ya murɗe su wuri guda, ya naɗe da leda, ya ƙara adafta a kan adafta, 'yan abubuwan nan masu sauya bakin caja, ya cusa mahaɗin a ƙarƙashin kujera. Yana jonawa sai ƙas! Rediyo ta ɗauke, caja ta ɗauke. Fis ne ya ƙone, ɗan ƙaramin abin nan da ake sa wa a hanyar wuta don in ta yi yawa shi ya tsinke, sauran mota ta tsira. Ya tsaya ya sa wani da yake ajiye da shi. Ko kwana ɗaya ba su sha ba, shi ma ya ƙone. To wallahi a nan mai hankali yake tsayawa ya ce me ake gaya mini? Shi kuwa tsaki ya ja, ya ce fis ɗin zamani ba su da ƙwari. Ya zaro silin jan ƙarfe mai kauri daga tsohuwar waya, ya naɗe ƙafafun mataccen fis ɗin da shi, ya mayar. Nan take tabilet ta kawo haske, ya juyo yana yi wa fasinja dariya.

An yi nisa kaɗan, wata dattijuwa mai sayar da daddawa da ke zaune a baya ta ce, “Direba, ni fa ƙauri nake ji.” Ya ce, “Haba Inna, mahauta ne ke babbake akuya a gefen hanya.” Babu mahauci a wurin, daji ne ta ko'ina. Da hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin sitiyari, sai ya sauke gilashi don iska ta kore shi, idonsa na kan ɗan layin cajin da ke hawa. Innalillahi! Kafin ya taka birki, soson kujera ya kama. Mutane suka yi ta tsalle ta ƙofa da taga, dattijuwar nan sai janyo ta aka yi, gefen zaninta na ci. Aka watsa ƙasa, aka fyaɗa ganye, ina! Wuta ta riga ta bi wayoyin motar kaf, don abin da zai tsinke ya tare ta shi ne ya ɗaure da hannunsa. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma buhunan mutane da motar duka sun tafi. Ni har yau in na tuna, tsigar jikina tashi take yi, domin mutumin nan da ya fito, abu ɗaya ne a hannunsa, tabilet ɗin, tana haske abinta, ta sami cajin da yake nema.

Da ƙafa ya ƙarasa ƙauyen, baƙi ƙirin da hayaƙi. Ya durƙusa gaban tsohuwa ya kunna mata. Ta kalli jariri, ta yi murmushi, ta shafa gilashin da yatsa tana sa albarka. Sannan ta ɗaga kai ta leƙa ƙofar gida, ta ce, “Yau ban ji ƙarar motarka ba. Ina ka baro ta?”

Ka ga, Tanimu, fis ba don mugunta yake katse maka jin daɗi ba, kansa yake ƙonawa don kai ka tsira. Aminin nan naka da ya yarda ka yi fushi da shi a kan ya gaya maka gaskiya, aikin da yake yi ke nan. In ka kawar da shi ka sa wanda komai ka kawo zai ce wuce, to wutar ba fasawa za ta yi ba, sai dai ka rasa mai tare ta. Sau biyu fis ya ce wa direban nan bari, dattijuwa ta ƙara masa na uku. Hausawa dai sun gama magana: wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.