Aiki Mai Tsafta

Manaja ya danna wuri ɗaya a kwamfuta, duk kanun rubutun da ke shafin kamfanin na intanet suka koma shuɗi.

"Kin gani, Malama? Ko ni zan iya. Mun gode, za ki iya tafiya."

Ita ta jawo wa kanta. Tun da ta fara aikin tsara shafukan ba ta taɓa ƙara wa harafi girma ko launi da hannu ba. Komai kan salon da manhajar ta tanada take ɗora shi, don shafuka su tafi bai ɗaya.

"To shi fa?" Ta nuna abokin aikinta da haɓa, wanda ya cika nasa shafukan da ja da kore, ta yi faɗa har ta gaji.

"Shi ai ba ya koruwa. Wa zai warware shirmensa?"

Ta rataya jakarta. Kafin ta kai ƙofa manaja ya goge sunanta daga shafin ma'aikata. Sunan da ke ƙasa ya hau ya cike gurbin tsaf, kamar yadda ta tsara.