Waƙar da Kanari Ya Dawo da Ita

Ramlatu, ajiye wayar nan ki saurare ni. Na ji zancenki. Jami'o'i biyu sun ba ki gurbin digiri na biyu a fannin koyar da na'ura. Ɗaya tana da shehin malamin da duniya ta san sunansa, har rage murya kike yi in za ki ambace shi. Ɗayar ba ta da wannan amo, sai wata malama da kika ce ta amsa saƙonki da kanta, ta tambaye ki abin da kike son bincikawa. Kin ce in zaɓa miki. Ni da na koya miki lissafi a ajin farko ban isa ba, amma ina da misali.

An yi wani mai kiwon kanari da ya samu ɗan tsuntsu mai kyan ƙira, irin wanda mutum kan samu sau ɗaya a rayuwa. Masu wannan kiwo sun san kanari ba ya fitowa daga ƙwai da gwanintar waƙa, ji yake yi ya ɗauka. Shi ya sa suke rataye kejin ƙarami kusa da na babba mai murya, har su ce an kai shi wurin malami. Lokacin ɗaukar kuwa gajere ne, in waƙa ta zauna a maƙogwaro da wuya ta sauya. To, maƙwabcin mai kiwon nan yana da wani tsohon kanari da bai taɓa cin gasa ba, amma kullum yana gida, yana rerawa tun asuba. Can ƙetaren gari kuma akwai wani attajiri mai wani kanari, zakaran gasa da ya gagari kowa, wanda in ya buɗe baki sauran tsuntsaye kan yi tsit. Mai ɗan tsuntsun nan ko shawara bai yi ba. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya je ya yi ta roƙo har aka karɓi ɗan tsuntsun. Bai tambayi inda za a rataye kejin ba, bai tambayi ko zakaran yana zaman gida ba. Ya dawo yana baza wa majalisa cewa tsuntsunsa na karatu a gidan wane.

Da lokaci ya yi ya ɗauko abinsa, ya tara 'yan'uwansa masu kiwo bayan la'asar, ya yaye ƙyallen da ya rufe kejin. Tsuntsu ya girgiza jiki, ya kumbura wuya, ya fara. Wani sauti ne mai gudu ya fito, ya miƙe, ya tsaya cak, ya sake miƙewa, sannan ya yi wani ɗan ƙas-ƙas a ƙarshe. Babu wanda ya taɓa jin kanari ya yi haka. Sai wani dattijo ya ce, "Jama'a, wannan ai keken ɗinki ne." Ashe zakaran kullum yana hanya, yau gasa a Zariya, gobe a Maraɗi, kejin masu koyo kuwa a zaure ake rataye su, inda wani tela yake wuni yana aiki. Mutumin ya koma zauren ya tsaya yana saurare. Gudun keken ne, da tsayawar da tela kan yi ya juya yadi, da cizon almakashi, har da ɗan kukan da keken ke yi don ƙishin mai. Babu abin da tsuntsun ya bari. Mutumin ya zauna a dakali, baƙin ciki ya cika shi don ya rasa mawaƙi, amma bakinsa tasbihi yake yi.

Ni ma duk sanda na tuna wannan sai tsigar jikina ta tashi. Halittar da ba ta cika tafin hannu ba, Allah ya ba ta kunnen da zai kwashe aikin ƙarfe kaf, ta mayar da shi ta maƙogwaron da bai kai tsinke kauri ba. Irin mamakin nan ne ya kama ni ranar da kika nuna mini na'ura tana sauraren Hausa tana rubutawa, kika ce ba a gaya mata ƙa'ida ba, muryoyi aka tara mata ta koya. Na tambaye ki, in an tara mata gurɓatattu fa? Kika yi dariya kika ce gurɓataccen za ta iya, kuma ta iya shi sosai.

To, kin san wannan game da na'ura, sai ki san shi game da kanki, don ke ma mai saurin ɗauka ce, abin da ke ba ni tsoro ke nan. Nemi ɗaliban shehin malamin nan ki tambaye su yaushe rabon da ya zauna ya karanta aikinsu. In yana zama, tafi da gudu, ni zan fara yi miki addu'a. In kuwa hotonsa kawai ke bango, ki binciki wanda za ki wuni kina ji, domin muryarsa za ki dawo mana da ita. Hausawa sun riga mu faɗa: zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.