Ranar da Na Tone Albasar Inna

Ina 'yar shekara bakwai a Kalgo, wata Lahadi fasto ya ba mu misalin mutumin da ya tarar da dukiya binne a gona, ya sayar da komai ya sayi gonar. Muna dawowa daga coci na ɗauki fartanya na afka wa fangalin irin albasar da Innarmu za ta dasa.

Ta iske ni cikin rami, na runtse ido ina jiran duka.

"Mi kike biɗa?"

"Dukiyar Yesu."

Ta durƙusa ta share min fuska, hannunta na warin albasa.

"Ɗiyata, ba a ƙasa take ba. Amma haka ake biɗarta, ba a jin asara."

A waccan shekarar rabin gona ta dasa. Yau ina Abuja, har yanzu ba ta taɓa goranta min ba.