Fuskar da Za a Kai wa Baba

Da takunkumi a fuska Bahauddeen ya shigo soron gidan su Gumsu a Fagge, bayan la'asar. Ta shimfiɗa masa darduma, ta tsaya tana kallonsa.

"Mura kake yi?"

"A'a."

"To, cire."

Ya sauke shi a hankali. Haɓarsa da wuyansa duk ƙuraje, wani wajen har da yanka. Gumsu ta toshe baki da mayafi, amma dariyar ta ƙi ɓoyuwa.

"Duk ranar da zan zo wajenki sai na yi aski," ya ce, kansa a ƙasa. "A shago nake yi a tsaitsaye, kafin in baro kasuwar Singa."

"A bushe? Da tsohuwar reza?"

Ya gyaɗa kai.

"Kuma kullum kana nan! Yaushe fatar za ta huta? Ka fara ɗora tawul mai ɗumi, ka shafa kumfa, ka sa sabuwar reza ka bi yadda gashin ya kwanta. In ka gama, man kaɗanya. Amma daga yau kada ka taɓa ta sai Asabar."

Ya ɗago kai da sauri. "Kenan kada in zo?"

"Ka zo mana, da gemunka." Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. "Asabar Baba yake son ganinka. Ba zan bari ka kai masa wannan fuskar ba."

Takunkumin ya suɓuce daga hannunsa. "Gumsu, da gaske?"

Ta juya za ta shige gida, sai ta waiwayo tana murmushi.

"Ka daure ka riƙa dafa ruwan jiƙa tawul ɗin da kanka. Bayan biki ni zan ɗora maka."