Ƙaramar Magudana

"Baba, jijiyoyin zuciyarka lafiya ƙalau. Gobe sai gida," in ji likitar, tana shirin zare siririn bututun da aka zura ta hannunsa zuwa zuciya.

Hankalin tsohon bai kwanta ba. Sau biyu ciwon ƙirjin nan yana kayar da shi a gonakin shinkafar Mweya. An ce matar nan ta wallafa bincike tamanin kan hoton zuciya. Shi kuwa shekara arba'in yana yashe magudanan ruwa.

Ya ƙura wa allon da ke nuna hoton zuciyarsa ido, jijiyoyinsa na motsi kamar saiwoyi.

"'Yata, wannan 'yar siririyar fa? Me ya cika ta haka?"

Ta yi dariya. "Baba, aikina za ka ƙwace?"

"Wane ni! Mu dai a gona, in ƙaramar magudana ta batse, to wata babba ce ta toshe, ruwa ke zagaye."

Dariyarta ta tsaya. Ta bi siririyar da ido har inda ya kamata wata babbar jijiya ta bayyana. Wayam.

"Kada a zare bututun," ta ce. "Baba, a gona ta ina kuke fara haƙa?"