Muryar Wilfred

Desmond Thackray ya tsaya gaban madubi a banɗakin gidan kula da tsofaffi yana gwada murya. Ya ɗaga ta, ya sauke, ya sake ɗagawa. Ta ƙi zama.

Ya haura shekara arba'in yana fim da talabijin, amma ko a garinsu Scarborough ba kowa ya riƙe sunansa ba. Fuskar dai an sani. Shi ne baran da ke buɗe wa jarumi ƙofa, shi ne ɗan sandan da ke isowa bayan an gama komai, shi ne gawar da ake yaye wa mayafi. Ran da aka taɓa barinsa ya yi doguwar magana, yanke ta aka yi. Muryarsa ce ta riƙe shi: ya yi kwaɗo a shirin yara, ya yi biskit mai waƙa a talla.

Aikin yau ya fi su duka nauyi. Madam Enid Ogden, wadda tsufa ya fara taɓa wa tunani, ta daina cin abinci. Ta rantse sai mijinta Wilfred ya zo ya ba ta da hannunsa. Likita ya ce in aka ƙare mako a haka, asibiti za a kai ta a zura mata roba ta hanci.

Nas Bernadette ta miƙa masa kwanon miyar dankali. "Ka yi mata muryar nan ta samartaka, ko a dace."

Ya tura ƙofa. Tsohuwar na zaune bakin taga tana kallon teku. Ta dube shi daga takalmi har sanƙo, ta taɓe baki.

"Kai suka samo? Ai na san ka. Biskit."

Ya ja kujera, ya miƙe wuya, ya saki murya mai kauri. "Enid, 'yar tsuntsuwata, miyar tana hucewa."

Ta ƙura masa ido. Sai ta fashe da dariya.

"Wa ya tsegunta maka haka yake kirana? 'Yata ko? To, ko kyauta ka zo an cuce ta. Wilfred dogo ne, gashinsa baƙi wuluk. In ya buɗe baki a dandamali, na kujerar baya ma sai tsigar jikinsa ta tashi. Babban ɗan wasa zai zama, kowa ya faɗa. Kai kuwa ko gawa ba ka iya ba. Da idona na ga tumbinka yana motsi."

"Sanyi ake yi ran nan," in ji shi, yana yayyanka mata burodi a miyar, ba ɓawo.

"Ji uzuri! Wilfred da ya yi kwaɗo gara ya yi shara. Sake faɗa in ji."

Ya sake. Muryar ta tsage a tsakiya.

"Kaico. Matarka tana da haƙuri, bawan Allah." Ta harari cokalin da ke tsaye gaban bakinta. "Kawo, in ci don kada a kore ka daga wannan ɗin ma. Amma ka faɗa musu ban ruɗu ba."

Ta ci, tana tauna tana gyara masa zama, tana kushe taye ɗin da ya ɗaura a wuya. Da kwanon ya yi rabi ta kau da kai, ta koma kallon teku.

A baranda Bernadette ta leƙa kwanon, ta sauke ajiyar zuciya. "Me ta ce?"

"Ta ce ban yi kama da shi ba." Ya yi ɗan murmushi. "Tana da gaskiya."

Nas ɗin ta dafa kafaɗarsa. A duk gidan ita kaɗai ke kiransa da sunan da ya ajiye ranar da ya shiga fim.

"Je gida ka huta, Wilfred. Wataƙila gobe ta gane mijinta."