Tsamiyar da Ta Ƙi Saruwa

Magini Prasit ya ja igiya, ya kafa turaku, sai ga tsamiyar tsaye ƙiƙam a tsakiyar inda falo zai kasance.

"A sare ta," in ji Lamduan. Ko ɗaga kai ba ta yi ta dubi bishiyar ba.

Shekara da shekaru ta yi a Norway tana jinyar tsofaffin wasu, alhali tata uwar tana nan ƙauye kusa da garin Kalasin da ciwon sukari, ba mai sa mata ido. Yanzu ta dawo da mijinta Oddvar, tsohon masunci, dogon da sai ya sunkuya a kowace ƙofa, kuma burinta ɗaya ne. Tana so gidanta ya jingina da na mahaifiyarta, yadda ko tari tsohuwar ta yi za ta ji. Filin gadonsu ya miƙe har bakin kududdufi can bayan gonar shinkafa, amma Lamduan ba ta son ko'ina sai nan.

Tun kafin a haƙa harsashi ta fara aikinta. Ta kwashe kwalbar barasa daga ƙarƙashin gadon tsohuwar, ta rage mata shinkafa mai danƙo, ta kori ƙawayen da ke zuwa karta da rana. Inna Buakham dai sai murmushi, tana gaya wa kowa ita kam ta yi sa'ar 'ya.

Tsakaninta da surukin nata kuwa abin ba a cewa komai. Ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa. Tana faɗa masa ɗaki ba sallama, zakarunta suna hana shi barci, warin kifin da take ruɓarwa a tulu yana sa shi hawaye. Ranar da Lamduan ta sa shi ya kai ta gari gwajin sukari, sun shiga mota kowa ya ɗaure fuska, kuma ba su dawo ba sai la'asar, wai layi ne ya yi tsawo.

Ana gab da sare bishiyar, wata ƙawar Inna, cikin waɗanda aka kora, ta yi mafarki. Ta ga mace da koren zane a kan reshen tsamiyar, tana taje gashi tana kuka. Washegari aka tashi aka tarar bishiyar ta sha ado. Ƙyallaye kala bakwai naɗe a jikinta, ga jan lemon kwalba a gindinta an sa masa tsinken sha. An ɗaure ƙyallen can sama inda hannun kowa a ƙauyen ba ya kaiwa, da wani irin ƙulli da ko tsofaffi ba su taɓa gani ba. Jama'a suka ce wannan ba aikin ɗan Adam ba ne.

Prasit ya tattara kayan aikinsa. "Yaya Lamduan, ki rufa mini asiri. Ina da yara ƙanana."

Oddvar ya tada jijiyar wuya, ya ce a ƙasarsu bishiya katako ce, ba ta da mai ita. Ya sayo zarton inji sabo fil, ya yi ta zagaya tsamiyar yana zage-zage, maza suna rirriƙe shi. Da ya ja igiyar kunnawa, injin ya ƙi tashi. Mata suka dafe ƙirji.

"Wayyo ni!" in ji Inna Buakham. "Na so in mutu kusa da ke, 'yar nan. Amma in wannan dogon naki ya taɓa ta, a akwati za mu mayar musu da shi." Ta rufe fuska da zane, kafaɗunta suna ta rawa.

Lamduan ba ta saduda nan da nan ba. Ta kira mai duba ya lallashi mai tsamiyar ta ƙaura, ya ce ta ƙi. Ana cikin haka wani ya shafa hoda a ɓawon bishiyar, ya ce ya ga lambobi, ya sayi tikitin caca, ya kuwa ci. Daga ranar har daga wasu ƙauyuka ake zuwa da furanni. Magana ta ƙare.

Lamduan ta yi kuka, kuka na gaske, sannan ta ce a kai turakun bakin kududdufi.

Gidan ya yi kyau, da shuɗin rufi da baranda mai shan iska, sai dai daga can, saman tsamiyar kawai ake hangowa. Kullum tana bin kunyar gona ta je duba uwarta. Tun daga nesa kare ke fara haushi, in ta iso sai ta tarar da tsohuwar zaune ita kaɗai a kan ƙatuwar tabarma. Tausayinta yake kama ta. Haka ma mijin, wanda tun da ya sha kaye bai sake ambaton zarto ba, sai dai ya kwanta a baranda ya yi ta minshari har rana ta take.

Da gini ya kammala, ta shiga kasuwar gari neman yadin labule. Mai shagon tana awo tana satar kallon motar da ke bakin titi, inda Oddvar ke gyangyaɗi.

"Ashe ke ce matar dogon Baturen can? Ƙanwata, kin dace! Ban taɓa ganin suruka da suruki masu jituwa irin naki ba. Kwanakin baya da suka zo sayen ƙyalle kala bakwai, ita tana zaɓa shi yana gwada tsawon a hannunsa, dariya suke yi har sai da na ba su kujera."